Ruwa, wuta, sarki, ɓarawo: maƙiya biyar na mutanen Bama

Malam Sabo Tudun Wada:
Assalamu alaikum jama'a. Yau daga nesa na ɗauko mana magana. Mutanen Myanmar, wato ƙasar da iyayenmu suka sani da Bama (ba ta Borno ba), suna cewa maƙiyan ɗan Adam biyar ne: ruwa, wuta, sarki, ɓarawo, sai wanda ba ya ƙaunarka. Mabiya addinin Buddha a can har a cikin addu'arsu suna neman tsari daga waɗannan biyar. Ruwa da wuta da ɓarawo ba su ba ni mamaki ba, sarkin ne ya tsaya mini a rai. Mu da muka tashi da "bin na gaba bin Allah", yaya za mu fahimci al'ummar da ta ajiye mai mulki tsakanin gobara da ɓarawo? Azanci ne ko rashin ladabi?

Hajiya Ummu:
Wa alaikumus salam Malam. Ni dai ban ga azanci ba. Namu ya fi adalci: ba a mugun sarki sai mugun bafade. In ka koya wa yaro tun yana goye cewa shugaba maƙiyinsa ne, wa zai yi wa biyayya in ya girma?

Lawwali Mai Rediyo:
Hajiya, Allah ya ƙara girma, amma ki ji abin da suka gani tukuna. Janar Ne Win ya ƙwace mulki a 1962. A watan Satumba na 1987 mutane suka wayi gari aka ce takardun kuɗi na kyat 25 da 35 da 75 sun daina aiki, kuma ba musanya, ba diyya. Manomin da ya ɓoye kuɗin shinkafarsa a ƙarƙashin tabarma, da ɗalibin da ya tara kuɗin makaranta, duk suka zama masu riƙe da takarda kawai. Aka fito da sababbi na 45 da 90, ana cewa don janar ɗin ya yi imani da sa'ar lamba tara. Ba kuma shi ne karon farko ba, an soke kuɗi a 1964 da 1985. Wane ɓarawo ne zai iya shiga kowane gida a dare ɗaya ya kwashe haka? Shekara na zagayowa, a 1988, jama'a suka cika tituna, sojoji suka buɗe wuta. A nan ba bafade ba ne ya sa hannu, mai gidan ne da kansa.

Malam Habu Ɗandago:
Ku dakata kaɗan, kada mu ɗora wa maganar kayan da ba nata ba. Ta girmi Ne Win nesa ba kusa ba, daga tsofaffin littattafan addininsu ta fito. A asalinta lissafi ne na abubuwan da ke cinye dukiya: ambaliya ta tafi da ita, gobara ta lashe ta, sarki ya ƙwace, ɓarawo ya sace, ko magajin da ba ka so ya gaje ta. Nasiha ce ga mai tara abin duniya, ba kiran tawaye ba. Kuma littattafan nan su ne suka jera halaye goma da ake nema ga sarki, irin su kyauta da haƙuri da rashin cutarwa. Wanda ya ce ruwa maƙiyi ne bai ce a daina sha ba.

Hajiya Ummu:
Yauwa Malam Habu, ka ga yanzu na ji magana.

Lawwali Mai Rediyo:
Na yarda da asalin, Allah ya gafarta Malam. Amma karin magana ba ya zama inda aka haife shi, masu amfani da shi ne ke ba shi ma'ana. A farkon watan Mayu na 2008 guguwar Nargis ta afka wa yankin da kogin Irrawaddy ke shiga teku, mutum kusan 138,000 suka mutu ko suka ɓace. Wannan ruwa ke nan, maƙiyi na farko. Sai gwamnatin Janar Than Shwe ta yi makonni tana jan ƙafa kan shigar masu agaji daga waje, jiragen ruwan Amurka da Faransa na tsaye da kaya ba a ba su izinin sauke su ba. A cikin wannan hali aka ci gaba da ƙuri'ar raba gardama kan tsarin mulki. Wani ɗan wasan barkwanci, Zarganar, da ya tara mutane suna kai abinci, ya kuma soki gwamnati, kurkuku aka jefa shi. To mutumin da ya binne 'ya'yansa a lokacin, in ya ambaci maƙiya biyar, kana ganin zancen gado yake yi?

Safiya K.L.:
Salam iyayena. Ina karatu a Malesiya, kuma 'yan Myanmar na nan da yawa a gidajen abinci da wuraren gine-gine da masana'antu. A Tailan ma sun fi haka, garin Mahachai kusan su ke riƙe da aikin gyaran kifi da jatan lande. Abin da nake so in ƙara shi ne, ruwa da wuta in ka bar gari ka bar su, amma na ukun yana bin mutum har ƙasar waje. Bayan juyin mulkin Min Aung Hlaing na 1 ga Fabrairu 2021, a 2023 aka kafa doka cewa wanda ya fita aiki ta hannun hukuma sai ya aika kashi 25 cikin 100 na albashinsa gida ta bankunan da aka amince da su, ga haraji kuma a kan abin da ya samu a waje. Su kuwa sun fi son tsohuwar hanyarsu ta hundi: ka ba dillali kuɗi a nan, abokin hulɗarsa ya miƙa wa mahaifiyarka a ƙauye, canjin ya fi kyau. Da aka fara tilasta shiga soja a Fabrairun 2024, maza daga shekara 18 zuwa 35, layin neman biza a ofishin jakadancin Tailan da ke Yangon sai wanda ya gani. Kuma fasfonka a hannunsu yake, ranar sabuntawa dole ka koma musu.

Jikan Soja:
An gudu ba a tsira ba ke nan. Ni abin da ya haɗa ni da ƙasar nan kakana ne, yana cikin sojojin Afirka ta Yamma da Ingila ta kai yaƙi da Japan, runduna ta 81 da ta 82. A Arakan suka yi fama, shi ya sa har yau akwai barikin Arakan da na Myohaung a Legas, da Burma Camp a Ankara ta Ghana. Ruwan saman can da zazzaɓi ya fi ba mu labari a kan harsashi. Wannan Arakan ɗin ita ce jihar Rakhine ta yanzu.

Ɗan Takari:
Tunda an ambaci Rakhine, bari in sa baki. Kowa ya tsaya a kan sarki, an manta da na biyar. A nan Makka muna zaune da waɗanda ake kira Burmawi, yawancinsu Musulmin Rohingya ne da kakanninsu suka baro Arakan shekaru da dama, wasu an haife su a nan ba su taɓa ganin ƙasar ba. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1982 ta bar su a waje, ba sa cikin ƙabilu 135 da gwamnati ta amince da su. A 2017 sama da 700,000 suka tsallaka Bangladash, suna sansanonin Cox's Bazar. Sojoji ne suka ƙona ƙauyukan, wannan ba musu. Amma mutane nawa ne a Yangon da Mandalay suka ɗaga murya? A Facebook zagi aka yi ta yi ana kiransu baƙin haure. Aung San Suu Kyi, jagorar gwamnatin farar hula a lokacin, wadda sojojin nan suka tsare shekara da shekaru a baya, ita ta je kotun duniya a Hague a Disambar 2019 ta kare ƙasar a ƙarar da Gambiya ta shigar. Masu neman tsari daga sarki su ne suka tafa masa da ya juya kan maƙwabci.

Safiya K.L.:
Gaskiya ne Baba. Sai dai bayan 2021, da bindigar ta juyo kansu, an ga matasa masu zanga-zanga riƙe da kwalaye suna neman afuwar Rohingya, kuma gwamnatin adawa ta NUG ta yi alkawarin ba su 'yancin zama 'yan ƙasa.

Ɗan Takari:
'Yata, gemun ɗan'uwansu ya daɗe yana ci da wuta ba su shafa wa nasu ruwa ba. Alkawari kuma daga wanda ba ya riƙe da Naypyidaw, babban birnin ƙasar, sai mu gani a ƙasa.

Hajiya Ummu:
To ai kun dawo kan maganata ba ku sani ba. In talakawa da malaman addininsu masu zafin ra'ayi ba su mara wa sarkin baya ba, da bai yi ba. Su ne fadawan.

Malam Habu Ɗandago:
A'a Hajiya, bafade yana cin tuwon fada, waɗannan ko ba su ci komai ba sai tsoro da aka cusa musu. Lawwali, kai mai bin labarai, girgizar ƙasar 28 ga Maris 2025 da ta rusa Mandalay da Sagaing fa, an bar agaji ya shiga kuwa?

Lawwali Mai Rediyo:
Wannan karon sojojin da kansu suka nemi taimakon duniya, abin da ba su yi da sauri ba a 2008. Amma Majalisar Ɗinkin Duniya ta koka cewa ba a daina kai hare-hare ta sama ba ko a kwanakin da ake tonon gawawwaki. Sama da mutum 3,000 suka rasu.

Hajiya Ummu:
Innalillahi. Duk da haka ni ba zan koya wa jikokina wannan karin maganar ba.