Peter Salem Musulmi ne, ko kuwa sunansa ne ya ja mu?

Habibu: Assalamu alaikum jama'a. Yau na ci karo da wani labari da ya faranta min rai, na ce sai na kawo shi zauren nan. Ashe tun ranar da aka fara yaƙin neman 'yancin Amurka akwai Musulmi a ciki. Sunansa Peter Salem, wai asalin sunan Salim ne Turawa suka lanƙwasa shi. Bawa ne baƙar fata da aka 'yanta ya shiga soja, kuma shi ne ya harbe Manjo Pitcairn, babban kwamandan Ingila, a yaƙin Bunker Hill na 1775. Masu cewa Musulmi baƙi ne a ƙasar can, ga amsarsu nan.

Malama Rabi: Wa alaikumus salam Malam Habibu. Mutumin nan na gaske ne, kuma ya yi yaƙin. Amma magana uku ka ɗaure wuri guda, kuma nauyinsu ba ɗaya ba ne. Ta farko, cewa bawa ne da ya zama soja, wannan tabbas ce, sunansa na cikin rajistar sojojin Massachusetts, jihar da garinsu yake ciki. An haife shi wajen 1750 a garin Framingham, a hannun wani Jeremiah Belknap, daga baya ya koma hannun Manjo Lawson Buckminster, wanda ya 'yanta shi ya shiga soja. Yana cikin mutanen Framingham da suka fita ranar 19 ga Afrilu 1775, ranar faɗan Lexington da Concord da ya buɗe yaƙin, yana Bunker Hill ranar 17 ga Yuni, ya kuma yi yaƙin Saratoga a 1777. Ta biyu, harbin Pitcairn, akwai saɓani a kanta. Ta uku, Musuluncinsa, ita ce ba ta da ƙafa ko ɗaya in ban da sunan. Sannan Pitcairn ba shi ne babban kwamanda ba, Janar William Howe ne ya ja harin. Pitcairn shugaban sojan ruwa ne masu yaƙi a tudu.

Aminu: Anti Rabi, da girmamawa, amma sunan ai hujja ce. Salem da Salim mene ne bambancinsu? Kuma kin san an kwaso Musulmi da yawa daga Futa da Senegambiya an kai su can. Wa zai tsaya ya rubuta addinin bawa a wancan zamani? Rashin rubutun ba ya nufin babu.

Malama Rabi: Aminu, Salem gari ne a Massachusetts ɗin, bakin teku, arewa da Boston. Turawan da suka zauna wurin ne suka sa masa sunan a 1629, daga Baibul suka ɗauko, kuma kalmar Ibrananci ce mai ma'anar aminci. Tushenta ɗaya da salam ta Larabci, shi ya sa kunnenmu yake jin ta kamar tamu. Iyayen gijin bayi a yankin nan sun saba laƙa wa bayinsu sunan gari: za ka ga bawa Boston, bawa Cambridge, bawa London, bawa Bristol. Shi kansa wannan mutumin wani lokaci ana rubuta shi Salem Middlesex, kuma Middlesex sunan gundumar da Framingham take ciki ne. Ka ga sunan wuri biyu a jikin mutum ɗaya.

Baba Isa: Gaskiyarki Malama. Mu ma ai haka muke, Aminu Kano, Shehu Shagari, Tafawa Ɓalewa, duk sunan gari ne ya bi su. Ni abin da nake so yaran nan su riƙe shi ne ƙa'idar da malamanmu suka bar mana. In an kawo maka ruwaya, ka tambayi wa ya faɗa, daga wa ya ji, shekara nawa tsakaninsa da abin. To wannan magana ta Salim, wa ya fara faɗinta? Mutanen garinsu da suka san shi ido da ido, ko mutanen zamaninmu da suka ga sunan a littafi ransu ya biya?

Aminu: Allah ya ƙara girma Baba, ban ƙi ba. Amma ruwayar bawa ba kamar ta malami ba ce, shi ba shi da almajiran da za su riƙe masa isnadi. In muka ce sai da takarda, to mun yarda ke nan ubangidansa shi kaɗai ne zai ba da tarihinsa. Mahaifiyarsa fa? Ba za ta yiwu 'yar Musulmi ce da aka kamo ba, ta raɗa masa Salim a ɓoye?

Malama Rabi: Za ta yiwu, kamar yadda abu goma za su yiwu. Amma Malam Habibu bai ce mai yiwuwa ba, cewa ya yi Musulmi ne. Kuma maganar cewa bayi Musulmi ba sa barin alama, tarihi bai goyi bayanta ba. Ayuba Sulaiman Diallo, mutumin Bundu, an kai shi Maryland wajen 1731, wasiƙar da ya rubuta wa mahaifinsa da Larabci ce ta zama sanadin 'yancinsa, ya koma gida a 1734. Umar ibn Sa'id na Futa Toro ya rubuta tarihin kansa da Larabci a 1831 yana bawa a North Carolina, ya buɗe shi da Suratul Mulki. Yarrow Mamout na Georgetown maƙwabtansa sun san shi da addininsa, har mai zane Charles Willson Peale ya zana shi a 1819 ya kuma rubuta hakan. Waɗannan duk a Afirka aka haife su, sun yi karatu kafin a kama su. Peter Salem a Framingham aka haife shi, a cikin ƙauyen Turawa 'yan coci ya tashi. Mutanen Leicester, wani gari a Massachusetts ɗin inda ya zauna shekaru masu yawa, sun bar labarinsa: bukkarsa, sana'arsa, yadda yake ba yara labarin yaƙi. Sallah ko azumi ko karatu ba su zo cikin abin da suka faɗa ba.

Habibu: To Malama na ji ta sunan, jikina ya yi sanyi. Amma harbin fa? Wannan ai har a littattafan makarantunsu yana nan.

Malama Rabi: Yana nan, kuma ya fi maganar Salim ƙarfi nesa ba kusa ba, amma bi sawunsa ka gani. A 1787, shekara 12 bayan yaƙin, wani malamin tarihi Jeremy Belknap ya rubuta abin da aka gaya masa, cewa wani baƙar fata mutumin Groton ne ya harbi Pitcairn. Bai ambaci suna ba, kuma Groton daban, Framingham daban. A kula, wannan Jeremy ba shi ne Jeremiah mai bawan ba, masu bin salsala suna yawan haɗa su. Sai a 1818 Samuel Swett ya rubuta cewa sojan baƙar fata ne mai suna Salem. Daga baya ne masu rubuta tarihin Framingham da Leicester suka ce Peter Salem ɗinsu ne. Inda gizo yake saƙa shi ne, ranar nan Salem biyu ne a fagen.

Baba Isa: Biyu kuma?

Malama Rabi: Biyu Baba. Akwai Salem Poor, mutumin Andover, wanda ya fanshi kansa da fam 27 a 1769. Shi ne wanda hafsoshi 14, har da Kanar William Prescott da ya riƙe ganuwar Amurkawa a ranar, suka sa hannu a takarda cikin Disamba 1775 suka aika wa majalisar Massachusetts suna yabon jarumtarsa, suna cewa ya yi aiki kamar gogaggen hafsa. Takardar ba ta ce ya kashe Pitcairn ba, ba ta ma faɗi abin da ya yi dalla-dalla ba. A 1975 gidan wayar Amurka ya fitar da kan sarki da sunansa. To in marubucin 1818 ya ce Salem kawai, wanne yake nufi?

Sagir: Bari in sa baki ta fuskar yaƙin kansa. Turawan Ingila sau uku suka hau tudun, kuma mafi yawan faɗan a Breed's Hill, tudun da ke kusa da shi, aka yi, ba Bunker Hill ba. Sau biyu ana kora su, a na uku albarushin Amurkawa ya ƙare. Ingila ta ci wurin amma mutanenta sama da 1,000 ne suka mutu ko suka ji rauni, na Amurka wajen 450. Bindigogin lokacin irin na ɗuri ne, kamar na maharbanmu, ba sa saiti daga nesa, kuma hayaƙin albarushi yana rufe ko'ina. Hafsa sanye da kayan da ake hange, mutum nawa ne za su auna shi lokaci guda? Ko da Peter Salem ya harba, kuma na yarda ya harba, ba mai iya rantsuwa harsashinsa ne ya kayar da Pitcairn. An ɗauke Pitcairn zuwa Boston, can ya cika, aka binne shi a ƙarƙashin cocin Old North.

Aminu: Yaya Sagir, ka lura da abu ɗaya? Duk sanda aka ce baƙin mutum ya yi bajinta sai a fara neman hujja kamar ana shari'ar kisa. Na Turawa kuwa a karɓa hannu bibbiyu. Wannan ne yake ci min rai.

Sagir: Damuwarka tana da tushe ƙanina, an daɗe ana danne tarihinsu. George Washington, babban kwamandan sojan Amurka, da kansa a ƙarshen 1775 ya hana ɗaukar baƙaƙe, sai da gwamnan Ingila na Virginia, Lord Dunmore, ya yi shelar 'yanta bayin da suka gudo wurinsa, sannan aka sassauta aka bar 'yantattun da suka riga suka yi yaƙi su sake shiga. Peter Salem ya sake shiga, ya kai har ƙarshen 1779. Kusan shekara biyar ke nan a fagen fama, a lokacin da wasu ke yin wata uku su koma gona. Wannan a rubuce yake, ba mai ja. Ni ina ganin ya fi harsashi ɗaya daraja.

Hajiya Kubra: Ni duk wannan ja-in-ja ba ta taɓa ni kamar ƙarshensa ba. Kuna ta maganar wa ya harba, ba wanda ya tambayi iyalinsa. Malama, ya yi aure? Ya bar baya? Ina jikokinsa?

Malama Rabi: Hajiya kin taɓo inda ya fi wuya. Ya auri Katy Benson a 1783, shekarar da aka ƙare yaƙin, kuma shekarar da kotunan Massachusetts suka kawo ƙarshen bauta a jihar. Dangin Benson baƙaƙe ne da suka daɗe a Framingham. Daga baya ya koma Leicester ya gina 'yar bukka, yana saƙar kwando da gindin kujera yana ci da kansa. Da tsufa ya kama shi, ƙarfi ya ƙare, aka mayar da shi Framingham, domin dokarsu a lokacin garin asalin fakiri ne ke ɗaukar nauyinsa. Can ya rasu cikin talauci ranar 16 ga Agusta 1816. Masu tarihin garin ba su lissafa masa 'ya'ya ba.

Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne shekara biyu kacal ya rage. A 1818 majalisar Amurka ta yi dokar fansho ga tsofaffin sojojin yaƙin da suke cikin buƙata. Mai nema sai ya je gaban alƙali ya rantse ya faɗi rundunarsa da inda ya yi yaƙi, daga 1820 kuma har da lissafin abin da ya mallaka da mutanen da ke gidansa. Waɗannan takardun fansho su ne rumbun da masu bin asalin sojojin nan suke ɗiba har yau, cikinsu ake samun sunan mata da na 'ya'ya da ranar aure. Da ya kai 1818, da mun ji Bunker Hill daga bakinsa. Salem Poor ma bai kai ba, tun 1802 ya rasu a Boston. Ƙidayar jama'a kuma ba ta taimakawa sosai, domin ta 1790 sunan maigida kaɗai take rubutawa, sauran mutanen gida lamba ce. Sai 1850 aka fara rubuta sunan kowane mutumin da ba bawa ba.

Hajiya Kubra: Allah sarki. Mutum ya ba da ƙuruciyarsa, ya ƙare a hannun gari. Ita Katy ɗin ma da a ce ana bin dangin Benson, wataƙila ta can za a fi samun haske a kan gidansa.

Bukar: Salamu alaikum, na daɗe ina karantawa ban ce komai ba. Malam Habibu, in ɗan gida kake nema a sojan Amurka, akwai wanda ba sai an yi hasashe ba. Muhammad Ali ben Said, wanda suka sani da Nicholas Said, a Kukawa aka haife shi, ɗan Barka Gana ne, jarumin yaƙin Shehu Laminu. An kama shi yana yaro, aka ratsa Sahara da shi zuwa Tarabulus, daga nan Istanbul, daga nan Rasha. Ya isa Amurka, a 1863 ya shiga runduna ta 55 ta Massachusetts a yaƙin basasarsu, kuma da hannunsa ya rubuta tarihinsa aka buga a 1873. Sai dai gaskiya ɗaya ce, a Rasha an yi masa baftisma, shi da kansa ya faɗa, daga nan ya samu sunan Nicholas. Ban ɓoye wannan ba don ina son a ce namu ne.

Habibu: Madalla Malam Bukar, wannan ban taɓa jin sa ba. Na riga na tura saƙon farko zaure biyu, yanzu zan bi su da gyara. Zan ce soja ne baƙar fata da ya yi Concord da Bunker Hill da Saratoga, ana danganta masa harbin Pitcairn tare da saɓani, maganar Musulunci kuma zan cire ta.

Aminu: Ni dai Malam Habibu da "ana hasashe" ka sa maimakon ka cire gaba ɗaya. Har yanzu zuciyata tana wajen mahaifiyarsa. Amma na yarda ba zan ƙara cewa tabbas ba.

Baba Isa: Malama, kabarinsa fa, an san wurin?

Malama Rabi: An sani Baba, yana tsohuwar maƙabartar Framingham. A 1882 garin ya kafa masa dutse, shekara 66 bayan rasuwarsa. An rubuta sunansa, da cewa sojan yaƙin 'yanci ne, da Concord da Bunker Hill da Saratoga, da ranar da ya rasu.