Neman asalin kakanmu da sunan da muke amsawa

Baban Yusra, Tudun Wada: Salamu alaikum 'yan zaure. Duk gidanmu Tanko muke sawa a ƙarshen suna, daga takardar makaranta har katin ɗan ƙasa. Jiya 'yata ta tambaye ni wane ne Tanko, na rasa ta cewa. Iyakar sanina kakan mahaifina ne, an ce ya yi aikin reluwe a Sabon Garin Zariya, kuma ba haifaffen birni ba ne. Ta ina zan kama?

Malam na Kona: Wa alaikumus salam. Tanko dai ba sunan yanka ba ne, laƙabi ne na namijin da aka haifa bayan mata, kamar yadda Ɗanladi da Ɗanjuma suke nuna ranar haihuwa. Mu a da ba mu da sunan da zuriya ke gada. Wane ɗan wane ake cewa, ko a jingina mutum da sana'arsa ko sarautar gidansu. Rajistar makarantar boko da ta En'e da ta soja su suka nemi suna na biyu, sai kowa ya kawo abin da ya samu, wani sunan uba, wani sunan gari. Ai Shagari da Tafawa Ɓalewa garuruwa ne. Sai ka samo sunansa na yanka tukuna, in ba haka ba Tanko nawa za ka tarar a ƙasar Zazzau?

Hajiya ta Kwarbai: Ɗana, ka je wurin tsofaffin matan gidanku tun suna raye. Amma ka sani wadda yake surukinta ba za ta kama sunansa ba, alkunya ce. Ka tambaye ta wa aka yi wa takwara da shi. Duk gidan da ka ji ana kiran wani Abba ko Baba, sunan mahaifi ko kaka aka ɓoye. Kuma kada ka ce mata wace shekara, ba za ta sani ba. Ka ce zamanin wane sarki, Aliyu Ɗan Sidi ne, ko Dalhatu, ko Ibrahim, ko Ja'afaru? Ka kunna rikodar wayarka ka bar ta ta yi ta zuba, ko ta kauce kada ka katse ta. Ni kakata ta sha kirana in zauna ta ba ni labarin yadda mutanenmu suka taso daga Barno, ina cewa sai na samu sarari. Ta rasu da abinta. Har yau in na tuna sai na yi hawaye.

Baban Yusra: Allah ya jiƙanta, Hajiya. Wallahi akwai baffanmu da ake kira Abba, ban taɓa tambayar dalili ba.

Ɗalibin Tarihi, Samaru: Maganar Hajiya ita ce tushe. Aliyu Ɗan Sidi ya yi sarauta daga 1903 zuwa 1920, Ja'afaru daga 1937 zuwa 1959, ka ga in tsohuwa ta ambaci sarki ta ba ka iyaka. Layin dogo kuwa a 1911 ya iso Zariya, don haka aikin kakanku bai wuce nan baya ba. Daga nan sai Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, inda fayil-fayil na Lardin Zazzau suke. Shawarata kada ka shiga da sunan mutum, ka shiga da sunan gunduma: Soba ce, Ikara, Maƙarfi ko Giwa. Rahotannin haraji da Turawa suka rubuta sun fi kawo hakimai da dagatai da tarihin kafuwar ƙauye. Lebura da wuya a ga sunansa, gara in faɗa maka tun yanzu. Ka kuma lura da rubutunsu, Garba kan zama Garuba, Muhammadu ya koma Momo. Gidan Arewa ma, tsohon gidan Sardauna, yana da kyau ka leƙa.

Maman Khalifa: Ku nemi wanzamin gidanku. Su ma gado suke yi, kuma sun san askar kowane gida. Tsagar da ke fuskar kakana ce ta nuna mana mu Katsinawa ne.

Malam na Kona: Na manta, a duba adakar tsofaffi kafin gara ta riga ku. Takardar rabon gado ta alƙali tana jera magada da sunayensu na yanka. Malamai kuma kan rubuta haihuwa da rasuwa da ajami a bangon Alƙur'ani, da lissafin Hijira. Shekarar 1320 ita ta zo daidai da 1902, lokacin da Turawa suka shigo Zariya, daga nan sai ka ƙirga.

Baban Yusra: Na kira goggonmu ta Soba yanzu. Ta ce Baffa Abba sunansa Haruna, kuma akwai Alƙur'ani bugun hannu cikin gafaka a ɗakinta, da rubutu a bayansa. Juma'a zan je in Allah ya yarda. Allah gafarta Malam, ni ban iya ajami sosai ba.

Malam na Kona: Kada ka ɗauko shi, takardun sun tsufa. Ka ɗauki hoton kowane shafi mai rubutu, da hasken rana, ka same ni ranar Asabar bayan la'asar.