Wa ya fara biyan mutum albashi don ya buga besbol?

Mai Huluna:
Assalamu alaikum. Ni sana'ata saida huluna da kayan gwanjo a Babbar Kasuwar Maradi, kuma babu hular da ke fita kamar mai N da Y a haɗe. Samari da yawa tambarin mawaƙa suka ɗauke ta. Shekaranjiya wani mai saye ya ce mini ta Yankees ce, ƙungiyar besbol ta New York. Na duba a waya, sai na ga wani na jifa, wani na duka da sanda yana zubawa da gudu. To yaushe wanga abu ya zama sana'a? Wa ya fara ba su albashi?

Malam na Bagalam:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Yankees ai yara ne a wannan tarihi. Sai a 1903 suka fara wasa a New York, lokacin ma Highlanders ake ce musu.

Maganar albashi a birnin Cincinnati na Amurka ta fito fili, a 1869. Kafin nan ana ba 'yan wasa ɗan wani abu a ɓoye, ko a sama wa mutum aikin ofis na je-ka-na-yi-ka. Ƙungiyar garin, Red Stockings, masu jar safa, su suka fara cewa kowa ya ji: mutanenmu goma duk 'yan albashi ne. Jagoransu Harry Wright haifaffen Ingila ne, da wasan kurket ya tashi. Ƙanensa George ya fi kowa samu, dalar Amurka 1,400 a kaka ɗaya. A shekarar sun ci wasa 57 ba wanda ya kada su, har San Francisco suka je ta layin dogon da aka gama a shekarar.

Amma ka san ɗan kallo. A watan Yunin 1870 Atlantics ta Brooklyn ta doke su 8 da 7, aka ƙara kada su, fili ya fara yin fayau. Kafin shekara ta fita masu kulob suka ce ba su iya biya. Harry ya kwashi ƙanensa da jar safarsa ya koma Boston.

Ɗan Gulbi:
Malam, Allah ya ƙara basira, amma ka tsaya inda daɗi yake. Ni abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne abin da ya biyo baya. Da aka kafa babbar gasar National League a 1876, masu kuɗi suka riƙe wuyan abin. A 1879 suka haɗa baki: kowace ƙungiya ta ware 'yan wasa biyar, ba wata da za ta taya su. Daga biyar aka yi ta ƙari har ya game kowa. Kwantaraginka ya ƙare, amma ba ka da inda za ka je. Ko ka karɓi abin da aka ba ka, ko ka zauna gida. A 1887 Chicago ta saida King Kelly ga Boston a kan dala 10,000, kamar sa a kara, kuɗin cinikin kuma aljihun kulob suka shiga.

'Yan wasan ba su yi shiru ba. John Montgomery Ward, ɗan wasa ne kuma lauya, ya ja su suka kafa tasu gasar a 1890. Kaka ɗaya ta yi ta mutu, masu zuba musu jari suka sare. Wancan ƙulli na 1879 sai a 1975 aka kwance shi.

Inna Malama:
'Ya'yana, ba wanda ya ambaci baƙar fata. Mutane na cewa Jackie Robinson ne na farko a 1947, alhali tun 1884 Moses Fleetwood Walker ya buga wa Toledo a babbar gasa. Shi ne mai tsugunawa bayan mai sanda yana cafe ƙwallo, a zamanin da safar hannu ba ta da kaurin a-zo-a-gani. Abokin wasansa mai jifa, Tony Mullane, da bakinsa ya faɗa daga baya cewa ba ya bin alamar da Walker ke yi masa ta irin jifar da zai yi, abin da ya ga dama yake jefowa. Ku duba fa, ƙungiya ɗaya. Daga baya aka rufe ƙofar gaba ɗaya, shi ya sa Rube Foster ya kafa gasar baƙar fata a 1920.

Mai Huluna:
Na gode Malam, na gode Inna. Yaya Ɗan Gulbi, wanda aka saida ɗin, in ya ce ba ya zuwa fa?

Ɗan Gulbi:
Sai ya nemi wata sana'a. Curt Flood, ɗan wasan da ƙungiyarsa ta miƙa wa Philadelphia a 1969, ya ƙi zuwa, ya kai ƙara har kotun ƙoli, a 1972 ya faɗi.