Animoni ya harbe ni a hannu, kwana 3 bai sauka ba

Ɗan Jidda: Salamu alaikum 'yan uwa. Shekarata 4 ina aiki a gidan wani Balarabe a Jidda. Da direba aka ɗauko ni, daga baya aka ƙara min kula da akwatin kifi na gilashi da ke falo, na ruwan gishiri, ba a ƙara min ko riyal ɗaya ba. A ciki akwai animoni, wannan halittar mai kama da fure da kifayen nan masu ruwan lemo da fari ke shigewa cikinta. Babba ne, shimfiɗaɗɗe kamar darduma. Ranar Talata ina goge gilashi ya manne min a tsintsiyar hannu. Na fizge, na wanke da ruwan famfo, na murza da tawul. Yanzu wurin ya yi ja, ga ƙuraje masu ruwa, ƙaiƙayi ya hana ni barci. Me zan shafa?

Mai Kifi: Wa alaikumus salam. Ƙanina, ruwan famfon nan da tawul su suka ƙara maka. A jikin zaren animonin, wato 'yan hannayensa masu kama da zare, akwai ƙananan allurai masu dafi da ke maƙalewa a fata, ruwan daɗi da murzawa suna sa waɗanda ba su fashe ba su fashe. Da ruwan akwatin ake wankewa, a cire zaren da hantsaki. Yanzu ka zuba ruwan khal, wato binega. Na daɗe a wannan harkar, ban taɓa zuwa asibiti ba.

Maman 'Yan Biyu: Yaya Mai Kifi, khal ba ga kowace halittar teku yake aiki ba, a wasu ƙara harbin yake. Ruwan zafi da hannu zai iya jurewa, kamar digiri 45, minti 20, shi ke rage raɗaɗi, kuma a ranar farko ne. Bayan kwana 3 maganar kemis ce: man hydrocortisone da ƙwayar ƙaiƙayi. In jan yana yaɗuwa, ko zazzaɓi, ko numfashi ya yi nauyi, asibiti kawai. Ruwan gishiri yana ɗauke da ƙwayoyin cuta.

Mai Kifi: Hajiya, khal dai. Ni shaida ne.

Bakatsine a Riyad: Ɗan Jidda, haka masu gidan nan suke yi mana. Ni lambu aka ɗauko ni, yau ni ne wankin motoci 5, albashin wata 2 yana hannunsu.

Maman 'Yan Biyu: Ina safar hannunka, Ɗan Jidda? Akwai doguwa mai kaiwa kafaɗa. Wasu in harbin ya maimaitu jikinsu yana ƙara tsananta, na biyu ya fi na farko muni.

Ɗan Jidda: Anti, da safa ba na jin duwatsun, na taɓa karya murjani maigida ya yi kwana yana faɗa. Kuma sau nawa ina sa hannu lafiya lau. Asibiti kuwa sai na nemi izini, in na ce abin ya harbe ni zai ce sakacina ne.

Mai Kifi: Ka ji ko? Safa ta sababbin shiga ce.

Maman 'Yan Biyu: To ƙurajen sun fashe ne ko ba su fashe ba? Ba ka faɗa ba.

Ɗan Jidda: Biyu sun fashe. Na shafa man zafi da safe. Gobe Juma'a ce ranar canjin ruwa, dole in sake sa hannu. Khal ɗin fari ake nufi ko na tuffa?