Wutar da aka gani tsakanin Maiyama da Koko: mutanen ɓoye ne ko idon mai gyangyaɗi?

Direban babbar mota daga Jega: Assalamu alaikum jama'a. Daren Talatar da ta wuce na ɗauko lodin albasa daga Aliero zan kai Legas. Da misalin ƙarfe 2 na dare, bayan na wuce Maiyama na miƙi hanyar Koko, sai na hango wuta guda uku masu shuɗi-shuɗi ta hannun hagu, sun ɗaga daga ƙasa kamar tsayin mutum. Suka jera da motata, in na ƙara gudu su ƙara, in na sassauta su sassauta, har kusan minti biyar, sannan suka haɗe wuri ɗaya suka mutu, babu hayaƙi babu ƙara. Shekarata 19 ina bin hanyar nan, kuma ni dai na tsaya a kan cewa mutanen ɓoye ne.

Malamin kimiyya daga Birnin Kebbi: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ban ƙaryata ka ba, amma ina so in san tun yaushe rabonka da barci kafin ka kama sitiyari, domin wanda ya wuni a tsaye wajen lodi ya kuma shiga tuƙin dare, barci yakan fizge shi na ɗan daƙiƙoƙi idonsa a buɗe, ƙwaƙwalwa ta haɗa masa mafarki da abin da ke gabansa. Haka kuma duk abin da yake nesa, kamar wata ko tauraruwar Zara, gani kake yi yana bin mota.

Direban: Malam, na yi barci a Jega daga bayan azahar har la'asar sakaliya. Kuma ba ni kaɗai na gani ba. Yaron motata yana gefena yana cin goro, shi ya fara damƙe hannuna yana salati. Mutum biyu za su yi mafarki ɗaya?

Wani tsohon mafarauci daga Yauri: Batun Zara ku ajiye shi, ba ta kai wa ƙarfe 2, ko dai ta faɗi bayan isha'i ko ta fito gab da asuba. Ni abin da na sani, ɗana, shi ne idon dabba. Ka haska saniya ko raƙumi da fitila cikin duhu, za ka ga idon ya dawo maka da haske kore-kore kamar garwashi, kuma makiyaya suna tafiyar dare a gefen titin nan. Sai dai ido biyu-biyu yake zuwa, kuma babu saniyar da za ta jera da mota minti biyar. A nan ni ma na tsaya.

Wata Hajiya mai fataucin shinkafa daga Argungu: Ni ba aljanun ne suka tayar mini da hankali ba. Wuta uku da ke bin mota a daji, suna ƙara gudu suna ragewa tare da ita, sannan su mutu lokaci ɗaya, me ya fi kama da su in ban da babura uku a kan burtali? Alhaji, gode wa Allah da ba ka tsaya dubawa ba. Ƙanena direba ne, na hana shi tafiyar dare sai cikin jerin gwanon motoci.

Wani limami daga Bunza: Samuwar aljanu ba abin jayayya ba ce ga Musulmi, akwai sura guda da sunansu, ta 72. Amma aya ta 27 a Suratul A'araf ta nuna cewa suna ganinmu ta inda ba ma ganinsu, saboda haka mutum ya yanke cewa wannan wuta takamaimai aljani ce, ya faɗi abin da ba shi da hujja a kai. Ka ce ka ga abin da ba ka gane ba, Alhaji, wannan ya isa, kuma ka riƙe addu'ar tafiya.

Direban: Na ji, Allah gafarta Malam, kuma na karɓi gyara a kan yanke hukunci. Amma Hajiya, gilashina a sauke yake saboda zafi, ban ji kukan babur ko ɗaya ba, kuma fitilar babur tana haska ƙasa a gabanta tana rawa in ta faɗa rami, waɗannan kuwa ko ciyawar ƙarƙashinsu ba su haska ba. Ranar Asabar zan biyo hanyar da rana in na juyo, zan tsaya in duba ko akwai burtali a wajen.