Mu kwashe daga GitHub ko mu zauna?

Ɗan Aboabo: Salamu alaikum jama'a. Ni dai har yanzu ina kan bakana: mu ɗauke manhajarmu ta lissafin susu, wato adashi, daga GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, mu kai ta Codeberg, wani shafin irinsa. Tun 2018 Microsoft ya saye GitHub a kan dala biliyan 7.5, a 2021 kuma aka fito da Copilot, mataimakin AI mai taya rubuta manhaja, wanda aka koyar da shi da lambobin manhaja (code) da mutane suka ajiye a fili. Mu kuwa don matan kasuwar Kejetia ta Kumasi muka rubuta tamu. Codeberg ƙungiya ce da ba ta neman riba, a Berlin take. Ƙaurar ma aikin dare ɗaya ne.

Hajiyar Asawase: Wa alaikumus salam. Ƙanena, a "dare ɗaya" ɗin nan muka rabu. Lambobin kam za su tafi, domin haka Linus Torvalds ya tsara Git, manhajar da ke riƙe tarihin gyare-gyaren lambobi, da ya gina shi a 2005: duk wanda ya sauke ma'ajiyar lambobi to tarihinta kaf yana kwamfutarsa. Amma ƙorafin da masu amfani suka shigar, da doguwar maganar da muka yi kafin mu yarda da kowane gyara, waɗannan ba su cikin Git.

Ɗan Aboabo: Yaya, Codeberg na da hanyar jawo su duka.

Hajiyar Asawase: Zai jawo rubutun, na yarda. Mutanen fa? Kowa sai ya buɗe sabon asusu. Gwajin da ke tashi da kansa duk lokacin da aka turo gyara, a kan GitHub Actions, kayan aikin GitHub ɗin kansa, na ɗora shi, sai da na kwana uku ina fama, wuta na ɗaukewa. Can sai an sake saita shi. Wa zai yi? Ni ce dai.

Ɗalibin jami'ar KNUST: Iyayena, a ba ni dama. Mu ɗalibai muna taimakawa ne har da niyyar mai ɗaukar aiki ya duba shafinmu na GitHub ya ga gumin da muka yi. In aka tafi inda ba a san shi ba, ina tsoron abokaina su janye.

Malam Babba: Yaro, maganarka tana da nauyi, ba na raina ta. Amma ni na ga abin da ba ka gani ba. Google Code ma gida ne babba na ajiye manhaja, a 2016 aka rufe shi, kowa ya ɗauki kayansa a ka. A 2019 GitHub ya taƙaita wa mutanen Iran da Siriya asusunsu saboda takunkumin Amurka, alhali su ba su yi wa kowa laifi ba. Zanen aro ba ya rufe katara. Sai dai Codeberg ɗin ma gidan wani ne, kada mu ruɗi kanmu.

Ɗan Aboabo: To Malam, kana bayan wa ke nan?

Malam Babba: Ina bayan a ajiye kwafi a wuri biyu tun yau, Git ya yarda a tura wa ma'ajiya fiye da ɗaya. Ƙorafin mutane kuma a sauke shi a adana duk wata. Daga nan sai mu yi gardamar inda ƙofar gida za ta kasance.

Hajiyar Asawase: Wannan zan iya yi bayan isha'i. Amma gwajin ba zan taɓa shi ni kaɗai ba. Ƙanena, kai da ka kawo maganar, ranar Asabar kana da lokaci?