Olsa da ciwon hanji a ciki ɗaya: wa ya taɓa gani?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekarata shida ina fama da olsa, a asibiti aka tabbatar min, har bututun nan mai kyamara aka zura min ta baki. Tun bayan haihuwar Ilham kuma sai wani abu daban ya ɓullo. Cikina ya kumbura kamar mai wata biyar, ya yi ta ƙugi, in yi kwana uku ban zaga ba, rana ta huɗu sai gudawa. Ciwon ma ba a ƙahon zuci yake ba, a ƙasan cibiya ne, kuma da na zaga sai ya lafa. Mai kemis ɗin unguwarmu ya ce duk olsa ce, ya ƙara min omeprazole. Ni dai jikina bai ba ni ba. Akwai wanda cuta biyu suka haɗe masa a ciki?

Baban Sadiƙ: Wa alaikumus salam Hajiya. Ni ganau ne ba jiyau ba. Tirela nake ja daga Kano zuwa Legas, ciwon baya ya sa na mayar da diclofenac kamar gyaɗa, sau da yawa ko karyawa ban yi ba. Olsa ta kama ni, ga tsohon basur ɗina na zaman mota. Na riga na saba ganin jan jini in na yi bayan gida. Ranar da ya fito baƙi wuluk kamar kwalta, ga wari, sai na ce basur ne ya canza salo, na sayi jiƙo a wajen masu lasifika a tasha. Ashe gyambon ne ke zubar da jini ta ciki. A Jebba jiri ya kwashe ni. Jini leda biyu aka ƙara min.

Anti Ladi: Ƙanwata, kamar labarina kike bayarwa. An gwada bayan gidana aka samu ƙwayar cutar nan mai jawo olsa, H. pylori, na sha magani kala uku na kwana 14, amoxicillin da clarithromycin da omeprazole. Zafin ƙirji ya tafi, kumburin ko gezau. Daga baya likita ya ce IBS ne, wato hanji ne ke rikicewa alhali ba gyambo a jikinsa, ko an leƙa ba a ganin komai. Ya sa na riƙa rubuta duk abin da na ci. A littafin cefane nake rubutawa, ƙarƙashin lissafin manja. Wata ɗaya na gane masu laifina: wake, ɗanyar albasa, burodi da madarar gari a shayi. Abin mamaki nono mai tsami ba ya yi min komai. In kuma muka samu saɓani da maigida, ranar ko ruwa na sha sai ciki ya amsa.

Ɗan Maraɗi: Ƙanena da ke karatu a Ingila an fara ce masa ulcerative colitis yake da ita, wata cutar kumburin hanji, bayan shekara biyu aka ce Crohn ce, ita ma cutar kumburin hanji. Mahaifiyarmu ta tayar da hankali wai cuta ta zama biyu. Likitansa ya ce waɗannan biyun ba kasafai suke haɗuwa ba, sunan ne aka gyara, domin kumburin ya bayyana a ƙaramin hanji, ita kuwa ta farkon a babban hanji kaɗai take tsayawa.

Sista Rabi: Ina aikin jinya. Olsa da ciwon hanji suna haɗuwa sosai, tumbi wuri daban, hanji wuri daban. Mu ne dai komai ya taɓa ciki sai mu ce olsa. Maman Ilham, in za a sake miki gwajin ƙwayar H. pylori, ki gaya wa likita kina shan omeprazole, domin akan dakatar da shi mako biyu kafin gwaji, in ba haka ba sakamako ya nuna babu alhali akwai. In kuma akwai jini, ko rama ba dalili, ko gudawar da ke tashinki cikin dare, kar ki yarda a sallame ki da sunan IBS ba a duba hanjin ba.

Maman Ilham: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Babu jini, ban kuma rame ba. Ranar Litinin zan koma asibiti in sha Allah. Anti Ladi, shi waken har alala kika daina, ko dafaffe kawai?

Anti Ladi: Alala ina taɓawa, tunda an surfe ɓawon. Ɗanwake ne dai muka raba gari.